Ɗaga Kanka, Mai Turmi

Wani ƙanen mahaifina ya je Indiya jinyar ƙafa, ya dawo da tsaraba 'yar kaɗan, domin guzurin duk magani ya cinye. Cikin abin da ya fito daga jakarsa har da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, baƙi wuluk, an lulluɓe shi da ƙananan furanni ja da shuɗi da ruwan zinare, babu inda za ka ɗora bakin allura ba ka taɓa fure ba. Na ɗauka na ji shi sakayau. Na ƙwanƙwasa da farce, ya amsa kamar busasshen icce. Na ce, "Baffa, wane irin icce ne wannan?" Ya yi murmushi ya ce, "Takarda ce, ɗana. Tsohuwar takarda, irin wadda ake ƙunshe mana ƙosai."

Tun daga ranar nake bin diddigin mutanen da ke wannan aiki, kuma duk abin da na ƙara sani a kansu sai in ji ina son in tsaya a tsakiyar kasuwa in faɗa wa masu sana'ar hannu da babbar murya. Kai baduku da ke duƙe kan fata tun hantsi, ke mai saƙar faifai a gindin bishiyar tsakar gida, kai maƙeri, kai marini, kai yaron kafinta da har yau ba a yarda ka riƙe zarto ba sai goga sanfefa, ku matso. Labarin naku ne, ko da yake a ƙasa mai nisa ya faru, ƙasar da yawancinmu a finafinan Indiya muka san ta, inda ake waƙa cikin dusar ƙanƙara ana tuƙa kwalekwale a tafkin Dal.

Kashmir ake ce mata. Babban birninta Srinagar, kogin Jhelum ya ratsa ta tsakiyarsa. A tsoffin unguwannin birnin, musamman wajen Zadibal, akwai gidajen da wannan sana'a ta yi ɗaruruwan shekaru tana wucewa daga uba zuwa ɗa. Kuma akwati irin na Baffa, kafin ya iso hannun mai saye, sai ya bi ta hannun mutum biyu masu sana'a daban-daban. Na farko ana kiransa sakhtasaz, wato mai gina jikin abin. Na biyu shi ne naƙƙash, mai zayyana.

Ku bar ni in daɗe a kan na farkon, don shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Sakhtasaz yana fara aikinsa ne daga abin da kowa ya yar. Tsoffin littattafan 'yan makaranta, takardun ofis da aka gama da su, yankakkun gefen takarda daga maɗaba'a, guntayen kwali. Ya yayyaga su, ya zuba a ruwa, ya bar su kwanaki, wani lokaci makonni, yana sauya ruwan har takardar ta saki jiki ta manta cewa an taɓa rubutu a kanta. Daga nan sai turmin dutse da taɓarya. Ya yi ta kirɓi, kamar mai kirɓa fura, har sai babu gudaji ko ɗaya. Ya matse ruwan, ya kwaɓa da talgen shinkafa mai danƙo. Wannan kwaɓin ne zai riƙa mannawa a jikin samfurin itace ko na yumɓu, yana dannawa da yatsu da wata 'yar katako, yana daidaita kauri ta kowane gefe da ido da jin hannu kawai. Sai ya shanya. In ya bushe ƙayau, ya ɗauki wuƙa ko siririn zarto ya raba abin gida biyu ya fitar da samfurin, sannan ya sake haɗa ɓarin biyu da gam, haɗin da ake so ko makaho ya shafa kada ya gane wurin.

A nan ma da sauran aiki. Za a shafe jikin da farar ƙasa mai gam, a bari ta bushe, a goge da guntun ƙonannen bulo har ya yi sumul. A manna siraran takardu masu shara-shara a kai don kada ya tsage daga baya. A sake gogewa da santsin dutse. Sai abin ya koma kamar ƙwan jimina, sannan a miƙa wa mai zayyana.

To, ga abin da ke cin raina. Duk wannan wahala fenti ne zai rufe ta. Mai saye zai ɗaga akwati ya ce, "Kai, wannan mai zane ya iya!" Ba zai taɓa tambayar wanda hannunsa ya jiƙe makonni cikin ruwan sanyi ba. In za a rubuta suna a gindin kaya, na mai zane za a rubuta, ko na mai shago. Amma masu sana'ar sun san gaskiya a tsakaninsu. In mai turmi ya yi ha'inci, ya rage kirɓi ko ya tsinka talge, ko bai bari kaya ya bushe sosai ba, to ko da zinare zalla aka yi zanen, wata rana murfin zai karkace, jikin ya dare, furannin su zube kamar ɓawon gyaɗa. Akwai irin waɗannan akwatuna a gidajen tarihi na Turai da suka haura shekara ɗari suna nan garau. Kyan zane ne ya kai su can, ƙarfin kirɓi ne ya sa suka daɗe.

Saboda haka nake kiran ku, ku da aikinku ke ɓuya a ƙarƙashin na wani. Majemi da ke fama da ɗoyin fata kafin baduku ya yi mata ado. Mai kwaɓa siminti da ba a ɗaukar hotonsa ranar buɗe gida. Matar da ke surfe da tankaɗe kafin mai tuwo ta karɓi kuɗi. Kada wani ya sa ku sunkuyar da kai. Ku ne ƙashin bayan abin da ake yabo, kuma ranar da kuka janye hannu, ranar masu suna za su san inda sunan nasu ya tsaya. Ka yi aikinka tsakani da Allah, ka kuma san darajarsa, domin wanda bai san darajar aikinsa ba, shi ake saye da arha.

Mai zayyana ma ba a kan kujerar mulki yake ba. A ƙasa yake zaune, ya naɗe ƙafa, ya ɗora abin a gwiwa. Burushinsa na gargajiya daga gashin kyanwa ake haɗa shi, wani ma 'yan silin gashi ne kawai da za ka iya ƙirgawa. Babu takardar kwafi, babu ma'auni. Zanen yana cikin kansa tun yana yaro a gaban ubangidansa. Akwai wanda suke kira hazara, wato furanni dubu, shi ne irin na akwatin Baffa. Akwai gul-andar-gul, fure a cikin fure. Akwai ganyen cinar, babbar bishiyar ƙasarsu da ke rikiɗa ta yi ja jawur da kaka, akwai tsuntsun bulbul a kan reshe, akwai fagen farautar sarakuna da dawakai da barewa. In zane ya kammala a bi gefen furannin da zinare, a shafe da man sheƙi, shafa bayan shafa, har ruwa ya daina kama shi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyanar allo ko ta Alƙur'ani, ya ga yadda yake riƙe numfashi kafin ya ja layi, zai gane abin da nake nufi.

Ga sanyi. Daga 21 ga Disamba suke shiga kwana arba'in na tsananin hunturu da suke kira Cillai Kalan, lokacin da ruwa ke daskarewa a famfo. A haka mutum zai zauna da 'yar tukunyar garwashi a cikin kwando, wadda suke kira kangri, ya cusa ta ƙarƙashin babbar rigarsa, ya ɗumama yatsu, ya ja layi uku, ya sake ɗumamawa. Kafin ya tsufa ido ya fara gajiya, baya ya ranƙwafa. Duk da haka gobe da safe zai sake zama.

Mutanen Kashmir suna danganta zuwan sana'ar da wani babban shehin Sufaye, Mir Sayyid Ali Hamadani, wanda ya zo musu daga Farisa a ƙarni na 14. Ruwayarsu ta ce ya iso da mabiya 700, cikinsu har da masu sana'o'i iri-iri, kuma shi kansa shehin, da duk iliminsa da girmansa, da ɗinkin hula yake ciyar da kansa. Ku sake karanta wannan, ku masu ɗinkin hula a zaure. Mutumin da sarakuna ke russuna masa ya zaɓi ya ci daga allurarsa. Zawiyyar da aka gina da sunansa a bakin Jhelum a 1395, Khanƙah-e-Maula, gobara ta ci ta fiye da sau ɗaya, ana sake tayar da ita, kuma har yau bangonta da rufinta na ciki cike suke da irin wannan zayyana. Bayansa aka yi Sarki Zainul Abidin, wanda ya yi mulki daga 1420 zuwa 1470, mutanensa na kiransa Budshah, babban sarki. Ana tuna shi da gayyato gwanayen sana'a daga Samarƙand da sauran biranen tsakiyar Asiya, har da masu yin takarda, ya zaunar da su, ya sa suka koya wa 'yan ƙasa. Shekara fiye da 550 da rasuwarsa, in an ambaci sunansa a Kashmir, sana'o'in da ya raya ake fara tunawa.

Asalin sunan sana'ar kar-e-ƙalamdani, wato aikin gidan alƙalami. Kalmar ƙalam ɗin nan ita ce alƙalamin namu, duka daga Larabci muka ɗebo. Wani dogon akwati ne siriri da malamai da magatakarda ke ajiye alƙalumansu da kurtun tawada, su soke shi a ɗamara. Da shi aka fara. Da sun tsaya a nan, da sana'ar ta mutu ranar da biro ya shigo kasuwa.

Ba su tsaya ba. A ƙarni na 19 mayafan ulu na Kashmir suka zama abin yayi a Faransa, har Josephine matar Napoleon ta tara su da yawa. Masu ba da tarihin sana'ar sun ce a cikin akwatunan kirɓaɓɓiyar takarda ake aika mayafan, sai Turawa suka ƙyalla ido suka ga akwatin ma abin so ne, aka koma sayar da shi shi kaɗai da tsada. Raina kama ka ga gayya. Sunan da duniya ta fi sani yanzu, papier-mâché, Faransanci ne, ma'anarsa taunanniyar takarda. Daga nan masu sana'ar suka buɗe hannu: farantai, tulunan furanni, gidan fitila, awarwaro, 'yan giwaye da raƙuma da agwagi na ado. A yau babban cinikinsu na waje ƙwallayen ado ne da taurari da ƙararrawa da ake rataya wa bishiyar Kirsimeti a Turai da Amurka. Musulmi ne ke yin su, su ajiye burushi su yi salla, su dawo su ci gaba. Sun karanci kasuwa, sun ba ta abin da take so, amma furen da ke jikin ƙwallon shi ne dai furen da kakansu ya zana a gidan alƙalami.

Wannan darasi ne da nake so ya shiga kunnen duk wanda ke cewa zamani ya kashe masa sana'a. Sau da yawa abin da zamani ya kashe shi ne kayan da ka saba yi. Gwanintar tana nan a yatsunka. Nemo mata sabon gida.

Kada ku ɗauka hanyar tasu shimfiɗaɗɗiya ce. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 Kashmir ke cikin rikici, da dokar hana fita, da rufe kasuwanni, baƙi masu yawon buɗe ido su zo bana su ƙaurace baɗi. A Satumbar 2014 Jhelum ya yi ambaliya ya shanye unguwanni da dama na Srinagar. Ku yi tunanin abin da ruwa zai yi wa ɗakin da aka tara kayan takarda. A 5 ga Agusta 2019 gwamnatin Indiya ta soke matsayi na musamman da yankin ke da shi, aka katse waya da intanet, intanet mai sauri bai dawo ko'ina ba sai Fabrairun 2021. Mutumin da masu sayen kayansa ke ƙetare, ya wayi gari ba shi da hanyar ko gaisawa da su, ga lokacin odar Kirsimeti ya ƙarato. Kafin su farfaɗo, korona ta rufe duniya a 2020. Ga kayan roba na inji masu arha da ake buga wa zanen kwaikwayo. Ga kuma tsohon ciwo, wanda ya girmi duk waɗannan: dillali da mai fitar da kaya waje su kwashe tsoka, wanda ya yi aikin a bar shi da romo. Da yawa sun ajiye burushi sun koma tuƙa keke mai ƙafa uku ko leburanci, wasu iyaye kuma da bakinsu suke hana 'ya'yansu koyo. Ban ga laifinsu ba. Ciki ba ya jiran tarihi.

Amma akwai waɗanda suka ƙi tashi daga tabarmar, kuma saboda su ne sana'ar ke numfashi. Tsakanin 2011 da 2012 aka yi wa aikin rajista a ƙarƙashin dokar Indiya ta 1999 mai kare kayan da suka keɓanta da wani yanki, don kada kowa ya buga roba ya kira ta da sunan Kashmir. A 2019 aka ba Fayaz Ahmad Jan, gwanin zayyana daga Srinagar, lambar Padma Shri, ta huɗu a girma cikin lambobin da Indiya ke ba farar hula. A Nuwambar 2021 hukumar UNESCO ta sa Srinagar cikin jerin biranen duniya masu fasahar hannu. Na san lamba ba ta cika tukunya. Sai dai tana yin wani abu guda mai muhimmanci: tana sa yaro ya ga cewa abin da babansa ke yi a ɗan ɗakin nan mai duhu, har fadar shugaban ƙasa an san da shi.

Ba Kashmir kaɗai ba ce a Indiya. A yankin Madhubani na jihar Bihar mata ne ke riƙe da abin. Suna kwaɓa jiƙaƙƙiyar takarda da garin hulba da wata irin laka, su gina kwanduna da mazubin hatsi da 'yan tsana, aikin da aka daɗe ana ɗauka wasan mata ne a tsakar gida. A 2023 ɗaya daga cikinsu, Subhadra Devi, tsohuwa da ta haura shekara 80, ta karɓi Padma Shri a kan wannan aikin. Ke da ke saƙa ko ɗinki a bayan ƙyaure kina cewa "ɗan abin hannu ne kawai," ki ji wannan da kyau. A ƙauyen Carida kuma, cikin gundumar Purulia ta Bengal ta Yamma, kusan kowane gida shago ne na fuskokin da 'yan rawar Chau ke sawa. Ana gina fuskar da laka, a yayyafa toka, a manna takarda falle bisa falle, a bi da ƙyalle, a shanya, a ɓamɓare, a huda ido da hanci, a yi fenti, a kafa mata kambi mai tsayi. Mai rawar zai yi tsalle ya wuntsila a sama da ita a kansa, don haka dole ta yi sauƙin ɗauka, dole kuma ta jure faɗuwa. Rawar ta shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2010, fuskokin suka sami tasu rajistar a 2018.

Duk waɗannan mutane da shara suka fara. Babu wanda ya jira jari mai kauri ko inji daga waje. Takardar da aka yar, shinkafar gida, ƙasar bakin kogi, gashin kyanwa. In ka lissafa kuɗin kayan haɗin akwatin Baffa, da ƙyar ya kai na kofin shayi. Duk sauran kuɗin da aka biya, kuɗin hannu ne, da ido, da shekarun da aka kwashe ana koyo.

To, ɗan'uwa, in haka ne, me ya sa in za ka yi wa kayanka kuɗi sai ka lissafa fata da zare da gawayi, ka manta da kanka? Ka sa kwanakinka a lissafi. Ka sa shekarun da ka yi kana share shagon maigidanka kafin ya nuna maka sirrin. In mai saye ya taya da raini, ka faɗa masa cikin ladabi kwana nawa abin ya ci, ka bar shi ya tafi in ya ga dama, zai dawo ranar da na roba ya fashe masa. Ka sa alamarka a jikin kayanka, ko da ɗan zane ne a gindi, don a san hannun da za a nema. Ku da ke layi ɗaya ku daina karya wa juna farashi don dillali ya yi dariya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wayar da ke aljihunka, wadda aka hana mutanen Kashmir amfani da irinta watanni suna kuka, ɗauki hoton aikinka da ita ka nuna wa duniya, ka yi magana da mai saye baki da baki. In kai ne mai zayyana, wanda ake gani, ka biya mai turminka haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, ka ambaci sunansa in ana yabonka.

Kuma don girman Allah, ka koya wa yaro. Kada ka tafi kabari da sirrin. Ka sa shi makaranta, ya yi boko ya yi allo, da yamma ya zo ya zauna gefenka ya ga yadda ake riƙe kayan aiki. Shi ne gobe zai iya rubuta wa baƙo wasiƙa, ya iya lissafin riba, ya kuma iya jan layin da inji ba ya iyawa. Sana'ar Kashmir ta tsallake sarakuna da yaƙe-yaƙe da ambaliya ne don kullum ana samun wani dattijo da ya haƙura da ɓarnar ɗan koyo, ya bar shi ya lalata akwati goma kafin ya gyara ɗaya.

Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, akwatin ya dawo hannuna. A ciki nake ajiye carbinsa. Jiya da dare na buɗe, na juya shi a gaban fitila, na bi cikinsa da ɗan yatsa a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, ina neman wurin da mai turmin ya raba shi biyu ya sake haɗawa. Na yi zagaye uku ban samu ba.